Daga Bara Zuwa Ma'aikaci: Kalmomin Aiki da Shugabanci a Zamanin En'e

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wasu kalmomi na yau da kullum waɗanda shugabanni da na ƙasa da su suka riƙa amfani da su a ma'aikatun En'e, watau hukumomin gargajiya na Arewacin Nijeriya, tun daga zuwan Turawa a 1903 har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce da dama a kan dokoki da tsarin wannan hukuma. Abin da nake so in jawo hankalin mahalarta wannan taro gare shi shi ne, sau da yawa akan sake sunan muƙami a takarda, amma kalmar da babba yake kiran na ƙasa da shi da ita a zaure ko a ofis ba ta sakewa, kuma ita wannan kalmar ce take nuna wa ma'aikaci wanda zai ji tsoro da wanda zai yi wa aiki.

Kafin Zuwan Turawa

Ba Turawa ne suka fara ƙoƙarin gyara mulki ta hanyar gyara kalmomi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya soki sunayen sarautu irin su Galadima da Ubandawaki, kuma ya lissafa gaisuwa cikin miyagun al'adun sarakunan Haɓe. Masu jihadi sun fi son a ce amir da waziri da alƙali, domin waɗannan sunaye suna tuna wa mai riƙe da su cewa akwai shari'a a bisansa. To, amma ba a daɗe ba tsofaffin sunaye suka komo. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya farfaɗo da sarautun da aka gada daga Haɓe domin ya sami abin da zai ɗaure magoya bayansa da shi.

Ginshiƙin wannan tsari kuwa shi ne barantaka, wadda M. G. Smith ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa na tarihin mulkin Zazzau da aka buga a 1960. Bara yana da ubangida. Ubangida ne yake ba shi doki da riga, ya yi masa aure, ya tsaya masa idan ya shiga uku. Shi kuma bara yana biya da biyayya da rufin asiri. Kada mu yi gaggawar zargin wannan tsari, gama a zamanin da babu albashi babu fansho, shi ne jinginar mutum. Illarsa ita ce amanar bara tana ga mutum ɗaya, ba ta kai ga jama'ar da aka aike shi wurinsu ba.

A nan ya kamata a ce wani abu game da kalmar ci. Bahaushe yana cewa wane ya ci sarauta. Wasu sukan kafa hujja da wannan su ce Bahaushe ya ɗauki mulki tamkar abinci ne. A ganina an yi azarɓaɓi, domin ci yana da ma'anoni barkatai: ana cin yaƙi, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa. Duk da haka, abin lura ne cewa harshen yana da wata kalmar, watau riƙe, wadda ake haɗa ta da amana, amma a fagen sarauta sai aka ware riƙo ga wanda yake tsare wa wani kujera kafin a naɗa mai ita.

Sababbin Sunaye a Zamanin Turawa

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai Lugga ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna. Cikin 'yan shekaru aka yi manyan canje-canje guda biyu. Na farko, aka tilasta wa hakimai su bar birni su koma su zauna a gundumominsu, aka kuma soke aikin jekadu waɗanda a da su ne suke kai da komowa tsakanin hakimi da ƙauyuka. A Kano an yi wannan wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Kagil. Na biyu, aka kafa Baitulmali, wanda Fama ya soma gwadawa a Katsina, aka yanka wa sarki da hakimi da alƙali albashi. A takarda dai, daga ranar nan bara ya zama ma'aikaci.

Abin da ya faru a gundumomi daban ne. An soke sunan jekada, amma hakimi bai sallami mutanensa ba. Sai suka zama yaran hakimi. Su ne suke raka malamin haraji zuwa ƙauye, su ne suke ƙirgar shanu lokacin jangali, alhali mafi yawansu ba su cikin littafin albashi. Mutumin da ba a biyansa, kuma aka ce masa shi yaron wane ne, a ina ake tsammanin zai ci abinci? A wurin talaka zai ci, kuma sunan abin da ya karɓa gaisuwa. Wannan kalma ta yi wa aikin En'e ɓarna mai yawa, saboda kyanta. Babu wanda zai ji kunyar karɓar gaisuwa, kuma ƙin karɓarta ma wulaƙanci ne ga mai bayarwa. Kalma ɗaya ta rufe kyautar girmamawa ta gaskiya da toshiyar baki, har ya zama da wuya mai bincike ya raba su, balle shi mai karɓa ya tuhumi kansa.

Haka kuma kalmar yaro ta shiga ofis ta zauna. Magidanci mai furfura, muddin yana ƙarƙashin wani, yaronsa ne. Yaro kuwa a tarbiyyar Bahaushe ba ya musu da babba, ba ya kawo shawara sai an tambaye shi, kuma ba ya kai mugun labari. Idan gero bai yi ba a wata gunduma, ko kuɗin haraji bai cika ba, mai kai rahoto yakan fara da ranka ya daɗe, ya ƙare da lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ta haka shugaba yakan zama na ƙarshe da zai san halin da ƙasarsa take ciki.

Ba dukkan kalmomin ne suka jawo hasara ba. Misali mai kyau shi ne malam. Ma'aikacin kanti ko na ofishin gwamnati ana ce masa akawu, kalmar da aka aro daga Yarbanci, kuma tana ɗauke da ƙanshin baƙunta. Amma a En'e sai aka ce malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti. Wannan suna ya ɗauko martabar ilimin addini ya yafa wa aikin boko, ya sauƙaƙa wa mutanen karkara su saurari saurayin da ya fito daga makarantar Midil, ya kuma ɗora masa nauyin kamun kai, tun da akwai abin da bai dace a ga malami yana yi ba. Shugabannin sassa kuwa sai aka naɗa musu rawani, aka sami Wakilin Doka da makamantansa. Rawanin ya ba su kwarjini, amma ya mai da ci gaban ma'aikaci abin da ake nema a fada.

Shekarar 1950 da Bayanta

A watan Agusta na 1950 abubuwa biyu suka faru. A Kaduna, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul. A Kano kuma, ranar 8 ga watan, aka kafa jam'iyyar NEPU. Babban makamin NEPU, musamman a bakin Malam Aminu Kano, kalma ce: talaka. A da wannan kalma ta ƙasƙanci ce, ta wanda ake mulka. Sai suka mai da ita sunan da mutum yake bugun ƙirji da shi. Har ila yau sun yaƙi faɗuwa ƙasa wajen gaisuwa, domin sun gane cewa wanda ya durƙusa ba ya iya tambayar ina kuɗin harajinsa suka tafi.

Ita ma gwamnati gyaranta ya biyo ta kan kalma. A 1952 aka soke matsayin sarki na mai iko shi kaɗai, aka ce Sarki cikin Majalisa, watau dole ya shawarci majalisa, ko da yake yana iya ƙin bin ra'ayinta. Daga baya aka sami Sarki da Majalisa, inda rinjayen 'yan majalisa yake ɗaure shi. Tsakanin cikin da da akwai tazara mai girma a doka. Sai dai ɗan majalisar da sarki ya naɗa, wanda kuma har yanzu yake kiran kansa baran sarki, ba kasafai yakan yi amfani da wannan tazara ba.

Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran 1976 ya kawo ƙaramar hukuma, da ciyaman da kansila da sakatare. Sunan En'e ya fita daga takardun gwamnati. Amma wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma a yau zai ji ana ce wa ciyaman maigida, ana tambayar sabon ma'aikaci yaron wane ne tun kafin a tambayi takardar shaidarsa, kuma ɗan siyasar da ya kawo shi ana kiransa ubangidansa.