Zambo ga mai mulki: kalifso a Tirinidad, Hauka a Kurfai

Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na Tirinidad sun tafi da zabiya da 'yan amshi, sun kuma tafi da habaici. Daga nan kalifso ya tsiro. Mawaƙi ya miƙe ya zagi ubangida cikin raha, jama'a su amsa.

Turawan Ingila ba su ji daɗin abin ba. Bayan tarzomar Kanbule ta 1881 suka hana kiɗan ganga, mutane suka koma buga gora a ƙasa. A 1934 aka kafa dokar da ta ba 'yan sanda ikon tace waƙa. Hakan bai hana Raymond Quevedo, mawaƙin da aka fi sani da Attila, cin zaɓen majalisar dokoki a 1950 ba.

Mu nan Kurfai, a Nijar, ba mu da kalifso, amma mun yi abin da, a ganina, ya fi shi yaji. A 1925, a Cikal kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo. Ana goge ana kiɗan ƙwarya, sai ka ga manomi ya miƙe ƙyam, kumfa a baki, yana faretin soja yana ba da oda da gurɓataccen Faransanci: wannan Gwamna, wancan Kafaran. Su ne Hauka, waɗanda Arewa ke kira Babule. Samarin da haraji da aikin tilas suka ishe su suka bi, suka juya wa Gado Namalaya baya, sarkin da Nasara suka ɗaure wa gindi. Kumandan Faransawa Crocicchia ya sa aka kama su aka kulle a Yamai. Ya ɗauka ya kashe wutar, ashe shi ma ya shiga sahu, don daga baya an samu iskan da ake kira Kumandan Mugu.

'Yan ci-rani suka kai Hauka Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a kansu, Les Maîtres fous, ya fito a 1955, hukumar Ingila ta hana nuna shi. A Ankara ta Gwalkwas ɗin kuma kalifso ya riga ya shiga kiɗan hailaif na su E. T. Mensah, har Lord Kitchener na Tirinidad ya yi wa 'yancin Gana na 1957 waƙa.