Idan Aisin Fedal Ɗin Jita Yana Zafi: Inda Za A Duba

Yaranmu da dama a Ingila da Amurka sun shiga sayen kayan haɗa fedal ɗin jita, wato ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya sauya amon jita, suna haɗawa da kansu a ɗaki. Kukan da na fi ji daga gare su shi ne aisi yana zafi. To ga yadda ni nake bin lamarin.

Da farko a zare wuta. Aisi irin TL072 ko JRC4558 miliamfiya kaɗan yake ja, TL072 bai wuce kamar 3 ba, saboda haka bai kamata ma a ji ɗuminsa ba. In ya ƙona yatsa, akwai matsala, kuma barinsa a kunne kashe shi ne.

Abin da na fi samu shi ne an dasa shi a juye. Aisi mai ƙafa takwas yana da ɗan gurbi ko ɗigo a gefen ƙafa ta 1. A waɗannan biyun ƙafa ta 8 ce ke karɓar wuta, ta 4 kuma ke zuwa ƙasa. In aka juya shi, wutar ta shiga ta baya ke nan. Wanda ya sha irin wannan zafi ba na ƙara yarda da shi ko da ya yi aiki daga baya, gara a sa sabo. A kula kuma, TL071 da LM308 ƙafa ta 7 ce tasu ta wuta, ba sa maye gurbin TL072 don kawai sun shiga soket ɗaya.

Sai adafta. Yawancin fedal suna bin tsarin Boss ne: volt 9, kuma tsakiyar filogin ita ce nagetif. Adaftocin da ke zube a gidajenmu, na rediyo da na na'urar intanet, galibi tsakiyarsu fozitif ce, wasu ma volt 12 suke bayarwa. Filogin zai shiga daram, amma ɓarna zai yi. Tsofaffin adaftoci masu nauyi kuwa, ko an rubuta 9 a jikinsu, sukan haura 12 idan kayan da aka jona ba ya jan wuta sosai. MAX1044 da ICL7660 iyakarsu kusan volt 10 ne, shi ya sa suke yawan mutuwa a haka. A auna da mita kafin a jona. Wanda ya taho da adafta daga Amurka, inda wutar gida 120 ce, ya karanta jikinta kafin ya soka ta a Ingila inda ake da 230. Kada yaro ya buɗe adafta, wutar cikinta tana kisa.

In duk wannan daidai ne, a cire aisin daga soket, a kunna, a auna ramukan. Ya kamata a ga kusan 9 a rami na 8, sifili a na 4, kusan 4.5 a na 3 da na 5 a yawancin zane. In lambobin sun kauce, laifin na allon ne: a juya bayansa a nemi dalmar da ta haɗe layi biyu, musamman wadda ta haɗa ƙafa ta 1 ko ta 7 da ƙasa.

PT2399 na fedal mai maimaita sauti shi daban ne. Volt 5 yake so, yana jan sama da miliamfiya 20, don haka ɗan ɗumi a jikinsa ba laifi ba ne. Amma ƙaramin 78L05 da ke rage masa wuta, jerin ƙafafunsa kishiyar na babban 7805 ne, kuma masu koyo sukan juya shi. Haka nan in razistan da ke ƙafa ta 6 ya yi ƙanƙanta ƙwarai, aisin kan cije a lokacin kunnawa, ya yi shiru yana zafi.

Ni dai kullum nakan sa diyod 1N5817 a kan hanyar shigowar wuta, in kuma yi gwajin farko da batir mai volt 9, ba da adafta ba.