Kofin Da Bai Taɓa Tsallako Sahara Ba: Tarihin Gasar Ƙwallon Cikin Ɗaki Ta Afirka

In aka tambayi mai sha'awar ƙwallon ƙafa a wannan nahiya tamu ya lissafo ƙasashen da suka yi fice, ba zai yi dogon tunani ba zai ambaci Nijeriya da Kamaru da Gana da Kwaddibuwa da Senegal, sannan ya haɗa da Masar da 'yan'uwanta na arewa. To amma akwai wani kofi na Afirka wanda Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF, take shiryawa tun 1996, wanda daga wannan shekara zuwa 2024 an buga shi sau bakwai, kuma babu ko sau ɗaya da wata ƙasa ta kudu da hamada ta ɗaga shi. Masar ta ci sau uku, Maroko sau uku, Libiya sau ɗaya. Wannan shi ne kofin ƙwallon ƙafa na cikin ɗaki, wanda duniya ta sani da sunan futsal. Za mu bi sawun wannan gasa mu ga yadda aka yi haka ta kasance.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin wasan da muke magana a kai, domin kuwa ba ƙwallon fili ce aka matse aka shigar ɗaki ba, wasa ne mai dokokinsa. Kowane ɓangare mutum biyar ne, har da mai tsaron gida. Filin daɓe ne ko katako, tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 20, raga kuwa mita 3 a faɗi, mita 2 a tsaye. Ƙwallon ta fi ta fili ƙanƙanta, kuma ba ta cika tsalle ba, saboda haka dole ɗan wasa ya koyi danne ta da tafin ƙafa. Ana buga minti 20 a juya a sake 20, amma duk lokacin da ƙwallo ta fita sai a tsayar da agogo. Babu jifa da hannu daga gefe, sai dai a ajiye a buga da ƙafa cikin daƙiƙa huɗu. Ana canjin 'yan wasa ba adadi, ba tare da an tsayar da wasa ba. Sannan ga dokar da ta fi kowace ladabtarwa: in ƙungiya ta tara laifi biyar a rabin wasa, daga na shida sai a ba abokan karawarta bugu daga tazarar mita 10 ba tare da katangar mutane ba. Wanda ya saba da taka ƙafar abokin karawa a fili, nan ba ya daɗewa.

Asalin wasan daga Kudancin Amurka yake. A 1930, shekarar da Yurugai ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta farko, wani malamin motsa jiki mai suna Juan Carlos Ceriani ya tsara wa matasa a birnin Montebidiyo wata ƙwallo da za su riƙa bugawa a filin ƙwallon kwando. Daga nan ta tsallaka Burazil, inda ta samu gindin zama. An daɗe wata ƙungiya ta daban tana kula da wasan kafin FIFA ta sa hannu, ta shirya gasarta ta duniya ta farko a Holan a 1989.

A wannan gasa ta 1989 Aljeriya da Zimbabuwe ne suka tsaya wa Afirka. A ta biyu, wadda aka yi a Hon Kon a 1992, Nijeriya ce ta wakilci nahiyar, abin da 'yan ƙasar da dama ba su ma da labari. An cinye ta a wasanninta uku na rukuni ta dawo gida, kuma har zuwa gasar duniya ta 2024 ba ta sake leƙa wannan dandali ba. Ke nan ba za a ce ba a buɗe mata ƙofa da wuri ba. Ta riga Masar da Maroko taka wannan fage.

Abin lura shi ne, gasar Afirka ba don jama'a sun matsa suna son kallo aka ƙirƙire ta ba. Buƙata ce ta a samu hanyar tace wanda zai je gasar duniya. Shi ya sa har zuwa 2024, duk lokacin da aka buga ta, to a shekarar da aka tsara yin gasar duniya ne, bayan shekara huɗu-huɗu. Wannan asali ya bi ta har girma, domin ƙasashe da yawa sun ɗauke ta tamkar jarrabawa da ake tunawa da ita in ta ƙarato, a tattaro 'yan wasan fili a ba su mako biyu ko uku, a ce su je su gwada sa'a. Masu iya magana kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

An yi ta farko a Alkahira a 1996, lokacin Isa Hayatu na Kamaru yana shugabancin CAF, da ƙasashe biyar kacal. Masar ta zo ta ɗaya, Gana ta biyu, Zimbabuwe ta uku. A 2000 aka sake komawa Alkahira, Masar ta sake ci, Maroko na biye da ita. A 2004 ba a ma samu masauki ɗaya ba, sai aka yi ta gida da waje, Masar ta doke Mozambik a ƙarshe ta haɗa uku a jere. A waɗannan shekaru gurbi ɗaya tal Afirka take da shi a gasar duniya, kuma Misirawa suka mayar da shi kamar gadon gidansu.

Me ya ba Masar wannan fifiko? A ganinmu abu biyu ne. Na farko, manyan kulob-kulob na Alkahira da Iskandariyya ba na ƙwallon fili kaɗai ba ne, suna da zaurukan wasanni masu rufi inda ake ƙwallon hannu da ta kwando da ta raga, don haka wurin buga futsal yana nan tun kafin a ce za a buga. Na biyu kuma, akwai tsohuwar al'adar gasannin unguwa na watan azumi, inda bayan an sha ruwa an yi asham matasa sukan yi ta fafatawa biyar-biyar a ƙananan filaye har tsakar dare. Irin wannan al'ada tana nan a Maroko ma. Wani zai ce ai mu ma yaranmu a lungu da saƙo suke tashi, da duwatsu biyu a matsayin raga, kuma gaskiya ne. Bambancin shi ne a can an samu wanda ya ɗebo yaran daga lungu ya sa su a zaure, ya ba su gasar lig da alƙalan wasa da mai horarwa. Gwanintar ƙafa kowa yana da ita, zauren ne ba kowa ba.

A 2008 aka kai gasar Tarabulus, ƙasashe goma suka hallara, ciki har da Nijeriya da Kamaru, waɗanda duk ba su wuce rukuni ba. Libiya mai masaukin baƙi ta karɓe kofin daga hannun Masar da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci, su biyun suka tafi gasar duniya a Burazil. Daga nan sai gasar ta yi dogon suma. An shirya yin ta gaba a Burkina Faso a 2011, ƙasar ta janye, aka soke. Da gasar duniya ta 2012 a Tailan ta matso, sai aka yi 'yan wasannin share fage kawai, Masar da Libiya da Maroko suka samu gurabu ukun da aka ƙara wa nahiyar. Shekara takwas cur Afirka ba ta naɗa sabon zakara ba, kuma ba a ji wani ya yi kukan rashi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin wasan a idon shugabannin ƙwallon wancan lokaci.

An farfaɗo da ita a 2016 a Johanasbag ta Afirka ta Kudu, da ƙasashe takwas. Karo na farko ke nan da aka tara gasar a wata ƙasa kudu da hamada, amma kofin bai kwana a can ba, Maroko ta ɗauke shi bayan ta ci Masar 3 da 2.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin labarin Maroko shi ne zuciyar wannan tarihi. Tun 2010 aka damƙa ƙungiyar ƙasar a hannun wani ɗan ƙasa mai suna Hisham Dagig. Ya kai su gasar duniya ta 2012, aka cinye su a wasanni ukun rukuni. Ya sake kai su ta 2016 a Kolambiya suna riƙe da kofin Afirka, aka sake cinye su a duka ukun, alhali Masar da suka kayar a Johanasbag ta fitar da Italiya ta kai zagayen 'yan takwas. A ƙasashe da yawa da muka sani, tun daga filin jirgi za a sallami irin wannan koci. Hukumar ƙwallon Maroko ba ta sallame shi ba. Ta bar shi, ta ƙarfafa gasar cikin gida, ta riƙa nema wa ƙungiyar wasannin sada zumunta da manyan ƙasashe, wasu daga cikin 'yan wasan irin su Sufyan al-Misrar suka fita buga wasa a Turai. Sai ga shi a gasar duniya ta Lituweniya a 2021 Maroko ta yi kunnen doki 3 da 3 da Fotugal, wadda daga baya ta ɗauki kofin, ta kai zagayen 'yan takwas, inda Burazil ta fitar da ita da ƙyar da ci ɗaya mai ban haushi. A Uzbekistan a 2024 ta fitar da Iran, ta sake kaiwa wannan mataki, ta sake karo da Burazil. Wanda ya ga ƙungiyar a 2012 ba zai yarda ita ce ba. Mutum ɗaya ne kuma a bakin layi duk tsawon shekarun nan.

Sai dai ba za mu yabi Maroko mu rufe ido ga abin da ya faru a 2020 ba. A wannan shekara ta karɓi baƙuncin gasar, amma maimakon Rabat ko Kasabalanka, sai ta kai ta Layun, babban birnin Yammacin Sahara. Wannan yanki shi ne wanda Sifen ta yi wa mulkin mallaka, Maroko ta shiga cikinsa a 1975, ƙungiyar Polisariyo kuma take neman 'yancinsa. A kan wannan rigima ce Maroko ta fice daga Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1984, ba ta dawo cikin Tarayyar Afirka ba sai 2017. Kowa ya san zaɓen Layun ba don zauren can ya fi na Rabat kyau ba ne. So ake ƙasashen Afirka su zo da tutocinsu su tsaya a wurin, a ɗauki hoto. Afirka ta Kudu, wadda ta amince da jamhuriyar Sahrawi, ta ce ba za ta je ba duk da ta cancanta. Aka gayyato Morishiyas ta maye gurbinta, ta buga wasa ɗaya, ita ma ta tattara ta koma gida. CAF ta hukunta ƙasashen biyu da tara da dakatarwa. Mu dai abin da muka gani shi ne an hukunta waɗanda suka ƙi shiga ɗaki, an ƙyale wanda ya zaɓi ɗakin. Waɗanda suka yi asara su ne 'yan wasan Afirka ta Kudu da suka sha wahalar share fage, aka hana su damar neman gurbin gasar duniya a kan maganar da ba su da hannu a ciki. A wasan ƙarshe Maroko ta lallasa Masar 5 da nema.

Akwai wani zare kuma da mai lura zai gani yana ratsa tarihin. Ƙasashen kudu da hamada da suka fi matsa wa na arewa lamba a 'yan shekarun nan ba su ne manyan ƙwallon fili ba. Mozambik ce ta zo ta biyu a 2004, ta zo ta uku a 2016 ta je gasar duniya. Angola ce ta zo ta uku a 2020. Dukansu biyu da harshen Fotugal suke aiki, harshen da ya haɗa su da Burazil da Fotugal, manyan gidajen wannan wasa. Ba mamaki ta wannan hanya wasan ya shige su da wuri, ya zama abin da ake bugawa a makarantu da unguwannin Maputo da Luwanda. Su ma ba don sun fi maƙwabtansu arziƙi ba ne, sun dai ɗauki abin da gaske.

A watan Afrilun 2024 aka yi gasa ta bakwai a Rabat. Gana, wadda ta zo ta biyu shekara 28 da suka wuce, ta dawo amma ba ta wuce rukuni ba. Namibiya da Muritaniya suka shigo a karon farko. Angola ta kai wasan ƙarshe, Maroko ta ci ta 5 da 1, ta kamo Masar a yawan kofuna. Abin da ya fi girgiza masu bin wasan shi ne makomar Masar ɗin. Ta faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, sannan Libiya ta kayar da ita a bugun fenareti a wasan neman na uku. Ƙasar da ta halarci gasar duniya sau bakwai a jere, daga 1996 zuwa 2021, sai ga ta tana kallon ta Uzbekistan daga gida. Shekara guda bayan haka, a Afrilun 2025, CAF ta buɗe irin wannan gasa ga mata, a Rabat ɗin dai, inda Tanzaniya ta kai wasan ƙarshe, Maroko ta ci ta 3 da 2.