Wa Zai Zauna Kujerar Hagu? Darasi Daga Tarihin Air Afrique

Ƴan uwana ɗalibai, a wanga karo na zaɓi in yi magana kan tarihin wani kamfani da galibinmu ba mu taras da shi ba, amma iyayenmu sun san shi sarai, wato Air Afrique. Wani zai ce mi ya haɗa ɗan Madarunfa da zancen jirgin sama? To ai ƙasarmu Nijar tana cikin masu kamfanin, kuɗin talakawanmu sun shiga cikinsa, kuma alhazan yankin Maraɗi da dama shi ya kai su Makka ya maido su. Abin da ya fi jan hankalina cikin tarihin shi ne matuƙa: yadda aka ɗauke su aiki, da yadda suka zauna da juna bayan an gama su ƙarƙashin tuta guda.

Bari in fara da tushe. Ranar 28 ga Maris 1961, shugabannin ƙasashe 11 da suka samu ƴanci daga Faransa suka sa hannu kan yarjejeniya a Yawunde. Ƙasashen su ne Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Kodibuwa, Dahome, Gabon, Haute-Volta, Muritaniya, Nijar, Senegal da Cadi. A lokacin Diori Hamani ke mulkinmu. Hujjarsu mai sauƙi ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babu ƙasa guda cikinsu da ke da kuɗin sayen manyan jirage ita kaɗai, balle mutanen da za su tuƙa su. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin 100 na jari, sauran kashi 34 kuma ya tafi hannun kamfanonin Faransa biyu, Air France da UAT. Aka kafa hedikwata a Abijan, aka ba Cheikh Fall ɗan Senegal shugabanci, ya riƙe har 1973.

Jiragen farko daga waɗannan kamfanonin na Faransa suka fito, matuƙan ma haka. Babu abin mamaki a nan, don mulkin mallaka bai bar mana matuƙa ba. Horar da matuƙin babban jirgi kuwa ba aikin shekara ɗaya ko biyu ba ne. Bayan makaranta sai mutum ya yi shekaru yana mataimaki a kujerar dama, yana tara sa'o'in tashi, kafin a ba shi kujerar hagu, wadda ita ce ta kyaftin. Ke nan tun ranar farko kamfanin yana da tuta ta Afirka, da kan barewa a jikin jiragensa, amma ɗakin tuƙi na Turawa ne, da albashinsu da sharuɗɗan aikinsu irin na Faransa.

Kafin in ci gaba, ya kamata mu gane abu guda game da aikin matuƙa, don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai zauna ba. A galibin kamfanonin jirage akwai jerin sunaye da ake tsarawa bisa ranar da aka ɗauki mutum aiki. Wanga jeri shi ke faɗin wa zai zama kyaftin, wa zai tuƙa babban jirgi mai zuwa Paris, wa zai samu hutu ranar salla, wa kuma za a fara sallama in kasuwa ta lalace. Mu da muka saba da tasha mun san irinsa. Direban da ke ɗaukar fasinja daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa yana da layinsa, ba mai yin lodi sai layi ya zo kansa. To ku ɗauka an wayi gari an ce tasha biyu sun zama ɗaya. Motoci ba za su yi gardama ba. Amma wa zai fara lodi? Wanda ya shekara ashirin a ƙaramar tasha, ko wanda ya shekara biyar a babba? Nan ne rigima take.

Ba a Afirka kaɗai abin ke faruwa ba. A Amurka, kamfanin US Airways da America West sun haɗe a 2005. Matuƙan US Airways sun fi daɗewa a aiki, sai dai kamfaninsu ya sha karyewa, da yawansu suna zaune gida. Na America West ba su kai su shekaru ba, amma aikinsu na tafiya. A 2007 mai sasantawa George Nicolau ya fitar da jeri guda, ya sa waɗanda ke zaune gida a ƙasa. Ɓangaren US Airways suka ƙi, har suka kafa sabuwar ƙungiyar ƙwadago. Shekara da shekaru jiragen suna da fenti iri ɗaya, matuƙan kuwa kowane ɓangare na tashi da nasa, ana ta kai da komo a kotu. Su kuwa Air France da KLM da suka haɗu a 2004, sai suka bar kowane kamfani da sunansa da matuƙansa, suka huta da wannan faɗa.

In kamfani biyu masu harshe ɗaya sun sha wannan wahala, ku auna ta Air Afrique, mai iyayen gida 11. Kowace ƙasa na son ta ga ɗiyanta cikin manyan muƙamai, kowace na son jirgi ya sauka babban birninta ko da fasinja ba su cika ba. Sannu a hankali rabon muƙami ya koma lissafin ƙasa: in an ba Senegal wannan, sai a nema ma Kodibuwa wancan. Ma'aikaci kuma ya gane cewa mai kare shi na gaskiya ministan ƙasarsa ne, ba shugaban da ke bisa kansa a wurin aiki ba. Wanda ya san ba a iya korarsa, da wuya ya ji tsoron makara. Ga gwamnatoci na karɓar tikiti bashi ba su biya. Kamaru ta fice a 1971 ta kafa nata kamfani, Gabon ma ta bi sahu bayan ƴan shekaru. Togo da Mali kuwa sun shigo daga baya.

A ɗakin tuƙi fa? An yi ta aika matasan Afirka koyon tuƙi, an samu kyaftin-kyaftin baƙar fata da suka tuƙa DC-8 da DC-10, kuma abin alfahari ne. Amma tafiyar ta yi nauyi, don tsofaffin matuƙa na saman jeri, kujerar hagu ba ta samuwa sai wani ya tashi. A 1984, zamanin shugabancin Aoussou Koffi ɗan Kodibuwa, bashi ya yi ma kamfanin yawa, aka nemi rage kashe kuɗi, matuƙa suka shiga yajin aiki. Kamfanin ya kori masu yajin, akasarinsu Faransawa, ya ɗauko matuƙa daga Yugoslabiya don jirage su ci gaba da tashi. Waɗanda aka kora suka kai ƙara kotunan Faransa, shari'a ta ɗauki shekaru. Ni a ganina wanga yajin ya tona asirin abu guda: shekara 23 bayan Yawunde, ƙasashe masu kamfanin ba su da isassun matuƙan da za su cike gurbin. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai wata haɗewar da ta taɓa Air Afrique daga waje. A 1963 UAT ta haɗe da TAI suka zama UTA, kuma UTA ce ta zama babbar abokiyar aikin Air Afrique wajen gyaran jirage da horar da ma'aikata. Mu a Nijar sunan UTA na tuna mana da 19 ga Satumba 1989, ranar da bam ya tarwatsa jirginta DC-10 a bisa hamadar Tenere, mutum 170 suka rasu. A farkon 1990 Air France ta saye UTA, zuwa ƙarshen 1992 ta haɗiye ta gaba ɗai. Sai ya zama abokin aikinka da babban abokin gasarka a hanyar Paris duk mutum guda ne. Kowane ɗan kasuwa a kasuwar Maraɗi zai gaya maka wannan ba zama ba ne mai daɗi.

A 1989 aka kira Bafaranshe Yves Roland-Billecart ya ceto kamfanin. Ya sallami ma'aikata fiye da dubu, ya tsananta horo, kuɗi suka ɗan daidaita, aka sayo sabbin jiragen Airbus da bashi. Ma'aikata da dama sun ɗauki salonsa tamkar dawowar mulkin mallaka, zaman bai yi armashi ba. Sai ga Janairu 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Bashin jiragen da dalar Amurka ake biya, kuɗin shiga kuwa da yawa sefa ne, nan take nauyin ya ninka. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen Airbus A310 guda huɗu. Shugabanni suka yi ta sauyawa, har aka kawo Ba'amurke Jeffrey Erickson a 2001, ƴan ƙwadago suka tayar masa. A lokacin ma'aikata sun haura 4,000, jirage kuwa ba su kai goma ba. A 2002 kotu a Abijan ta rufe kamfanin.

Matuƙan da suka ƙware sun watsu, wasu kamfanonin Afirka, wasu ƙasashen waje. Abin tausayi shi ne jerin nan ba ya bin mutum. Kyaftin mai shekaru da yawa in ya shiga sabon kamfani mai bin tsarin jeri, daga ƙasa zai fara, bayan yaran da ya isa ya koyar. Ƙananan ma'aikata kuwa sun daɗe suna bin haƙƙinsu.

Mi ya rage mana? A Yamai muna da EAMAC, makarantar hukumar ASECNA da aka buɗe a 1963, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi daga ƙasashe da dama. Abin arziki ne, kuma ya nuna aikin haɗin gwiwa na iya ɗorewa in an tsaya kan jarabawa da ƙwarewa. A Lome kuma ASKY ta fara tashi a 2010 da jarin ƴan kasuwa da bankuna, tare da Ethiopian Airlines, aka rage hannun ministoci cikin ɗaukar ma'aikata.

Yau ana ta zancen haɗin kai tsakanin ƙasashen Sahel, har da batun kamfanin jirgi na tarayya. Ina fatan alheri. Amma in da za a tambaye ni, kafin a zaɓi launin fentin jirgi sai a zauna a rubuta abu uku: ta wace jarabawa za a ɗauki matuƙi, wa zai biya kuɗin horar da ɗiyan talakawa, kuma bisa wace ƙa'ida za a tsara jerin. In an bar waɗannan sai jirgi ya tashi, to za a koma gidan jiya. Mu kuma da ke aji, musamman masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya da Ingilishi, mu daina ganin ɗakin tuƙi kamar na wasu ne can. Allah Ya sa wata rana kyaftin ɗin da zai gaishe da alhazai a lasifikar jirgi ya zama ɗan bakin tabkin Madarunfa ne.