Ƴan Dakon Bakin Kogin Thames

A ƙarni na 19, yawancin ƴan dako a tashoshin jiragen ruwan Landan ba su da tsayayyen aiki. Kullum sai su yi dafifi a bakin ƙofa, shugaban leburori ya zaɓi waɗanda ya ga dama, wani lokaci na awa ɗaya kacal, sauran su koma hannu rabbana. Kamfanoni na kukan lalaci da sata, amma wanda bai san ko za a kira shi gobe ba, me zai sa ya riƙi kayan wani da amana? Yajin aikin 1889, ƙarƙashin Ben Tillett da John Burns, ya tona gaskiya: mutanen da ake kira malalata sun jure yunwar kusan makonni biyar, har suka samu sisi a kowace awa, da alkawarin aikin awa huɗu aƙalla.

Wani zai ce ai da aka soke tsarin zaɓen ƴan dako a bakin ƙofa a 1967, bayan rahoton Devlin kan aikin tashoshin jiragen ruwa, ƴan dakon ne da kansu suka yi bore. Haka ne. Sai dai tun kakanninsu, abokan aiki ne ke rufa musu asiri ran da babu, don haka su suke yi wa biyayya, kuma duk tayin da ya fito daga kamfani sai sun yi masa kallon tarko.