Tanadin dukiya ga 'ya'ya tun da rai: hanyoyin da ke gaban mai riƙon yara shi kaɗai

A Amurka da Ingila, mahaifi ko mahaifiyar da ba ta da aure kan damƙa dukiyarta hannun amintacce tun tana raye, bisa rubutacciyar yarjejeniya, domin a riƙa kula da 'ya'yanta bayan rasuwarta. A Dutsin-Ma da Kurfi, inda kotunan Shari'a ke yanke hukuncin gado bisa mazhabar Malikiyya, bazawara ko magidancin da matarsa ta rasu na da hanyoyi uku da ke cimma wannan buri: kyauta, wakafi da wasiyya.

Kyauta

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce aka fi yin sakaci a kanta. Sharaɗinta shi ne abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In ba haka ba, ya koma cikin gado. Uba na iya riƙe wa ƙaramin ɗansa gona ko shago matuƙar ya kafa shaidu, amma gidan da yake zaune a ciki sai ya tashi kyautar ke tabbata. Idan filin na da takardar mallaka ta gwamnatin jiha, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya suna.

Wakafi

Shi ne ya fi kusa da tsarin Turawa. Ana tsare asalin kadara, misali shaguna a kasuwar Dutsin-Ma ko gona kusa da madatsar ruwa ta Zobe, ba a sayarwa, ba a rabawa, sai a naɗa mai kula da zai riƙa kashe kuɗin haya ko amfanin gona a kan abinci da karatun yara. Malikiyya ta yarda a iyakance wakafi da wa'adi, kamar zuwa lokacin da auta zai mallaki hankalin kansa.

Wasiyya

Ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba yana gadon mahaifiyarsa kaɗai, saboda haka kyauta ko wasiyya ce ke iya kai masa wani abu daga ɓangaren namijin. Uba kuma na da ikon naɗa wasiyyi mai kula da dukiyar marayunsa, yayin da ikon uwa a nan taƙaitacce ne.

Ma'aikatan gwamnati

Rubuta sunan makusanci a fom ɗin aiki ba ya mayar da shi magaji. Ga ma'aikatan tarayya, irin na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi cewa sai an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado kafin a saki kuɗin mamaci.