Wace jam'iyya ce ta cancanci kujera a muhawarar 'yan takara?

Duk kakar zaɓe sai wannan gardamar ta taso a majalisunmu, daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Ibadan da Ama Hausa ta Owerri: me ya sa ake kiran wasu 'yan takara muhawara a talabijin, a bar wasu a waje? Wani ya ce son kai ne kawai, wani ya ce ai ba za a jera mutum saba'in a dandali ɗaya ba. Na ga ya dace in tattara bayanin a wuri ɗaya, domin in gardamar ta sake tasowa mu yi ta da hujja.

Wa ke shirya muhawarar?

Ba hukumar zaɓe ta INEC ba ce. Gidajen talabijin ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin su ƙungiyar kafofin yaɗa labarai ta BON da ƙungiyar shirya muhawarar zaɓe ta NEDG. Su ke zaɓar wanda za su gayyata, kuma ba a tilasta wa ɗan takara zuwa. A Maris 2011 tashar NN24 ta shirya muhawara, Muhammadu Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau suka halarta, Shugaba Jonathan bai je ba. Da aka zo ta BON kuma, sai su ukun suka ƙaurace, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi.

Yadda yawan jam'iyyu ya riƙa sauyawa

A 1979 jam'iyyu 5 ne: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A zaɓen 1993 guda 2 ne kawai gwamnatin Babangida ta amince da su, SDP da NRC, don haka da Abiola da Bashir Tofa suka yi muhawara a talabijin babu wanda aka bari a waje. A 1999 guda 3 ne: PDP, APP da AD. A Nuwamba 2002 Kotun Ƙoli ta soke yawancin sharuɗɗan da INEC ta ƙara wajen rajista, a shari'ar da ke ɗauke da sunan Balarabe Musa, sai ƙofa ta buɗe. Kafin zaɓen 2019 jam'iyyu sun kai 91, masu neman shugabancin ƙasa 73. A Fabrairu 2020 INEC ta soke rajistar 74, bisa sashe na 225A na tsarin mulki, wanda ya ba ta ikon soke jam'iyyar da ta kasa taɓuka komai a zaɓe, ko da kujerar kansila ɗaya ce. A 2023 'yan takara 18 ne suka fito.

Ma'auni uku da ake gardama a kansu

Na farko, rajista: duk jam'iyyar da ke kan takardar ƙuri'a a kira ta. Adalci ne a baki, amma da mutum 73, ko minti biyu-biyu aka raba an cinye fiye da awa biyu kan tambaya ɗaya tak. Ga kuma jam'iyyun da ba su da komai sai tambari da ofis, suna jiran ana gab da zaɓe su janye wa babba.

Na biyu, ƙuri'un baya: a kira waɗanda suka yi rawar gani a zaɓen da ya wuce. Matsalarsa, yana kulle ƙofa ga sabon shiga. Da wannan ma'aunin aka bi a 2023, da ba za a kira LP da NNPP ba, don a zaɓen shugaban ƙasa na 2019 ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Amma ga shi Peter Obi ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 6 har ya ci jihar Legas, Rabi'u Kwankwaso ya samu kusan miliyan 1.5 ya ci Kano.

Na uku, farin jinin yanzu, wato jin ra'ayin jama'a. A Amurka hukumar shirya muhawara ta sa sharaɗin kashi 15 cikin 100 tun shekarar 2000. Mu a nan tambayar ita ce: ra'ayin wa aka ji? In ta intanet aka yi shi da Turanci, mai faci da ɗan acaɓa da mai sayar da albasa a Mile 12 ba sa ciki.

Darasin 2019

NEDG da BON sun zaɓi jam'iyyu 5: APC, PDP, ACPN, ANN da YPP. Omoyele Sowore na AAC ya yi ta ƙorafi kan barin sa a waje. Ranar 19 ga Janairu a Abuja, Buhari bai zo ba. Atiku ya iso wurin, da ya ga babu Buhari sai ya ƙi hawa dandalin. Oby Ezekwesili da Fela Durotoye da Kingsley Moghalu ne suka rage. Bayan 'yan kwanaki Ezekwesili ta janye daga takarar. Da sakamako ya fito, Sowore ya fi kowane ɗaya daga cikin jam'iyyu ukun nan ƙuri'a. Ka ga ma'aunin masu shirin bai zo daidai da na masu jefa ƙuri'a ba.

Inda na tsaya

A ganina duk jam'iyyar da sunanta ke kan takardar ƙuri'a tana da haƙƙin a saurare ta, sai dai ba lallai a dandali ɗaya ba. A raba su rukuni-rukuni a zagayen farko, sannan a tace. Sharuɗɗan tacewar kuma a bayyana su tun kafin a san wa za su fitar, a haɗa da kujerun da jam'iyya ke riƙe da su da yawan jihohin da ta tsayar da 'yan takara. Ƙaramar jam'iyya ba abar rainawa ba ce: PRP ta Malam Aminu Kano jihohi 2 kacal ta mulka a 1979, Kano da Kaduna, amma da zuwanta ta soke haraji da jangali.

Abin da ya shafe mu a Kudu

Wanda ya yi rajista a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, a nan ƙuri'arsa take. Gwamna da ciyaman na nan su ne ke yanke hukunci kan tashin kasuwa, hana acaɓa da kuɗin rumfa. Amma sau da yawa ɗan takara ɗaya ko biyu kawai muke gani, su ziyarci shugabanninmu, a ɗauki hoto, shi ke nan sai wani zaɓen. Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin matasa ita ce su shirya zaman jin ta bakin 'yan takara da kansu. A aika wa kowace jam'iyya takardar gayyata iri ɗaya, a ba kowa lokaci daidai, a tanadi tafinta, a yi musu tambayoyi iri ɗaya. Wanda bai zo ba, a sanar da jama'a cewa an gayyace shi.